Liquid Swords na GZA: kundin mutum ɗaya ne ko na Wu-Tang, kuma daga ina sanyin kiɗan ya fito?

Nura:
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya biyu gare ni a kan Liquid Swords, kundin waƙoƙin rap na GZA, ɗan ƙungiyar Wu-Tang ta New York. Ta farko, kullum ana sa shi cikin manyan kundayen da ɗan ƙungiya ya fitar shi kaɗai, alhali duk 'yan Wu-Tang tara suna ciki, kiɗan kuma na RZA ne, jagoran ƙungiyar. To ina kaɗaicin yake? Ta biyu ta aiki ce. Me ya sa duk wanda ya kwaikwayi wannan kiɗan a manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio sai ya fito ko dai fes kamar tallar banki, ko kuma ya cika da ƙazanta har kunne ya gaji? Masu sani a taimaka.

Malam Habu:
Wa alaikumus salam Nura. Sai ka fara sanin yarjejeniyar da ta haifi kundin, in ba haka ba tambayarka ta farko ba za ta amsu ba. Lokacin da Wu-Tang suka sa hannu da kamfanin Loud na Steve Rifkind kafin fitar Enter the Wu-Tang (36 Chambers) a Nuwamba 1993, sun karɓi kuɗi kaɗan amma suka riƙe sharaɗi guda: kowane ɗan ƙungiya yana da 'yancin sa hannu da kamfanin da ya ga dama don kundinsa. A wancan zamani ba a saba haka ba, kamfani in ya ɗauki ƙungiya to ya ɗauke ta da 'ya'yanta duka.

Ga yadda abin ya jeru. Method Man ya tafi Def Jam, Tical ya fito Nuwamba 1994. Ol' Dirty Bastard (ODB) ya tafi Elektra, nasa ya fito Maris 1995. Raekwon ya zauna a Loud, Only Built 4 Cuban Linx ya fito Agusta 1995. GZA ya tafi Geffen, Liquid Swords ya fito 7 ga Nuwamba 1995. Ghostface ya biyo da Ironman a Oktoba 1996. Kamfanoni daban, amma makaɗi ɗaya. Kowane kamfani yana zuba kuɗin talla a kan mawaƙinsa, tallar kuma tana komawa kan tambarin Wu-Tang. Don haka a takarda kundin GZA ne, a tsari kuma kashi ne na shirin RZA na shekara biyar wanda ya ƙare da Wu-Tang Forever a 1997.

Ɗanlami:
Malam, ai ka ba Nura gaskiya ke nan ba ka sani ba. Kundin RZA ne da sunan GZA a bango. A ɗauki Shadowboxin', Method Man ne ya buɗe, shi ya rufe, ɗango biyu gare shi, mai kundin ɗaya tal a tsakiya. A 4th Chamber sai Ghostface da Killah Priest da RZA sun gama nasu kafin GZA ya shigo. Waƙar ƙarshe kuwa, B.I.B.L.E., babu muryarsa sam, ta Killah Priest ce, kiɗan ma na 4th Disciple. Wane irin mai gida ne baƙo ke rufe masa ƙofa?

Hadiza:
Ɗanlami, a ƙirga mana, kada a ɗauki waƙa uku a yanke hukunci. Ban da B.I.B.L.E. waƙa 12 ce. A guda bakwai duk ɗangogin na GZA ne: Liquid Swords, Living in the World Today, Gold, Labels, Killah Hills 10304, Swordsman, I Gotcha Back. In ka ji Method Man ko RZA a cikinsu to amshi ne ko 'yar magana a gefe. Biyar ne kawai wasu suka yi ɗango: Duel of the Iron Mic, Cold World, 4th Chamber, Shadowboxin', Investigative Reports. B.I.B.L.E. kuma ƙari ce ta CD, ba ta cikin kaset da faifan garmaho na fitowar farko. Wanda ya sayi kaset a 1995, a I Gotcha Back kundinsa ya ƙare, da muryar GZA.

Kuma kai da kake mutumin Cuban Linx, Ghostface yana cikin mafi yawan waƙoƙin can, hotonsa ma yana bango tare da Raekwon. In za a cire wani kundi daga jerin na mutum ɗaya, ai da shi za a fara.

Ɗanlami:
Na yarda da ƙirgan, Hajiya. Cuban Linx kam na mutum biyu ne, ba na musu. Amma maganata a kan kiɗa tana nan. Cire RZA ka gani. GZA ya yi kundi kafin wannan, Words from the Genius, 1991, a kamfanin Cold Chillin', wa yake zancensa yau?

Malam Habu:
Wannan misalin naka ya fi nuna laifin kamfani. Easy Mo Bee ne ya yi mafi yawan kiɗan Words from the Genius, kuma ba ƙaramin makaɗi ba ne, shi ne ya yi kaso mai yawa na Ready to Die na Notorious B.I.G. a 1994. Abin da ya faru, kamfanin ya tura Come Do Me a gaba, waƙar 'yan mata, wadda ba ta yi kama da mutumin ba ko kaɗan. RZA ma haka Tommy Boy suka yi masa a shekarar, lokacin yana Prince Rakeem. Su biyun 'yan'uwa ne na jini, da ODB na ukunsu, kuma duk sun fito daga wannan shekara da haushin kamfanoni. Labels daga wannan haushin ta fito. Abin da RZA ya ba GZA ba kiɗa mai kyau kawai ba ne, kiɗa ne da aka auna da muryarsa: mutum ne da ba ya ihu, ba ya gudu, yana ajiye kalma ɗaya bayan ɗaya. In ka ba shi kiɗa mai cika da ƙaho da rawa sai ya nutse.

Injiniya Sadiq:
Bari in shiga ta biyun, don nan ne aka fi yin ɓarna. Abu na farko da za a cire daga kai: ƙazanta ba ita ce sirrin ba. Iyakar na'ura ce ta tilasta zaɓi, zaɓin ne kake ji.

Na'urorin da aka san RZA da su a shekarun nan su ne E-mu SP-1200 da Ensoniq EPS-16 Plus da Ensoniq ASR-10. Ku duba lambobinsu.

SP-1200, fitowar 1987: bit 12, kHz 26.04, jimlar abin da take ɗauka daƙiƙa 10, kuma a rabe gida huɗu, kowane yanki bai wuce daƙiƙa 2.5 ba. Bit 12 na nufin mataki 4,096 na auna sauti, bit 16 kuwa 65,536. Gudun ɗauka na 26.04 na nufin duk wani sauti da ya haura wajen kHz 13 ba zai shiga daidai ba.

Yanzu lissafi. Kiɗa mai bugu 90 a minti, gaɓa ɗaya mai bugu huɗu tana cin daƙiƙa 2.67. Ka ga ko gaɓa ɗaya ba ta shiga cikin 2.5. Dabarar da makaɗan New York suka yi ita ce su kunna faifai mai juyi 33 a kan 45. Saurin ya ƙaru da kashi 35 cikin 100, gaɓar nan ta koma daƙiƙa 1.98, ta shiga. Sai a sauke ta a cikin na'urar da kamar rabin-mataki biyar (rabin-mataki shi ne tazarar madanni ɗaya zuwa na kusa da shi a fiyano) ta dawo muryarta ta asali. SP-1200 kuma ba ta gyara giɓin da ke tsakanin ɗigon sauti in ta sauke shi, don haka sai wani ɗan ƙara mai kama da ƙarfe ya hau kan sautin. Wannan ƙaran shi mutane ke nema yau da kuɗinsu.

ASR-10, fitowar 1992, wata aba ce daban. Bit 16 ce, tana ɗauka a 44.1 ko 29.76, ƙwaƙwalwarta MB 2 daga kamfani, ana iya kai ta 16. Da MB 2 kana samun sama da daƙiƙa 20 a 44.1, sama da 30 a 29.76. Muhimmin abu, madannai gare ta irin na fiyano. Ka yanko sauti ɗaya ka baza shi a kan madannai, ka danna na ƙasa ya fito da kauri da jinkiri, ka danna na sama ya fito siriri da sauri. A kunnena Liquid Swords ya fi kama da aikin irin wannan na'urar mai madannai fiye da SP-1200. Saurari farkon 4th Chamber da kukan nan mai tsini, ko Killah Hills da sautinsa mai ja, za ka ji hannu ne a kan madannai.

Nura:
Injiniya na gode. To a kwamfuta yaya mutum zai bi? Don in aka sa abin rage bit a kan kiɗan duka sai ya koma kamar rediyo mai mataccen batir.

Injiniya Sadiq:
Ai kuskuren ke nan, ƙanena, ɗora shi a kan kiɗan duka. A wancan zamani kowane sauti shi kaɗai yake shiga na'ura, muryar mawaƙi kuma ba ta bi ta can sam. Bi wannan tsarin.

Yanko abin da kake so, gaɓa ɗaya ko biyu, kada ya wuce. Haɗe shi ya zama hanya ɗaya, ba hagu da dama ba. Ɗaga shi rabin-mataki biyar ta hanyar da sauri ke tafiya tare da murya. A FL akwai zaɓin da ke canza murya ya bar tsawon yadda yake, kada ka taɓa shi a nan, shi ke kawo sautin nan mai kama da magana cikin ruwa. Bayan ka ɗaga, sa abin rage bit a 12, gudun ɗauka wajen 26,000, ka fitar da shi sabon fayil. Wannan sabon fayil ɗin za ka sauke rabin-mataki biyar. In ka rage bit ɗin bayan saukewa ba za ka sami abu ɗaya ba, jerin yana da muhimmanci. In kuma salon ASR kake so, bar shi a bit 16, ka rage gudun zuwa wajen 30,000 kawai, ka buga shi da madannai.

Bas: kada ka ɗauko 808, wato bas ɗin nan na na'ura mai kauri. Kwafi yankin nan naka, ka sa wa kwafin filta mai yanke sama, ka sauko da ita tsakanin Hz 150 da 250 har sai murya da kayan sama sun ɓace, bas kaɗai ya rage. Na asalin kuma ka yanke masa ƙasa daga nan wajen. Yanzu kana da biyu, kana iya kashe na sama a lokacin ɗango ka dawo da shi a amshi. Abin da ke lalacewa a nan: in tsohuwar waƙar tana da gangarta a ciki, za ta yi karo da taka, sai ka ji ƙasan kiɗan yana shaƙewa a wasu bugun. Ko ka daidaita gangarka ta faɗa daidai kan tasu, ko ka nemi wurin da mai ganga ya yi shiru.

Ganguna: kada ka zana su da linzami a kan layi. Buga da hannu, ka bar kuskuren da bai wuce kima ba. In dole sai ka gyara, gyara bugun farko na kowace gaɓa ka ƙyale sauran. Sauri tsakanin 85 da 95.

Sai babban abu, ƙidaya sautukanka. Ganga, bas, yanki ɗaya, wani ɗan sauti ɗaya da ke leƙowa jefi-jefi. In sun haura biyar ka riga ka bar Liquid Swords. Sanyin da kake ji fili ne da aka bari ba a cike ba.

Usaini:
Ƙari a kan na Injiniya. Mutane suna gyara abin da RZA ya bari da gangan. Sau da yawa yankinsa ba ya zama daidai cif a kan ma'aunin murya, don in ka sauke abin da aka ɗauka a 45 da rabin-mataki biyar ba ka dawo daidai ba, ainihin lissafin 5.2 ne. Wannan ɗan bambancin yana sa sauti biyu su riƙa gogar juna, kunne ya ji wani rashin natsuwa. In ka sa manhaja ta daidaita komai, ka kashe shi. Haka wurin da maimaicin ke komawa farko, wani lokaci ana jin ɗan tsalle. Bar shi in bai yi ƙara ba. In yana yin ƙas, to ka yanka ne a inda igiyar sautin ba ta kan sifili, matsa wurin yankan kaɗan ko ka sa dusashewa ta kamar kashi 5 cikin 1,000 na daƙiƙa.

Malam Habu:
Kuma a san inda ake yankowa. Ba daga ko'ina ba ne, kunnen RZA yana kan kiɗan birnin Memphis ne, na kamfanonin Stax da Hi. Waƙar Liquid Swords kanta daga kiɗan Willie Mitchell take, makaɗin da ya gina sautin Al Green. Muryar macen da ke Shadowboxin' Ann Peebles ce, daga Trouble, Heartaches and Sadness, an ɗaga ta ta sirance. Wannan ɗaga muryar tsofaffin mawaƙa shi Kanye West ya mayar sana'a bayan shekara ta 2000, kuma shi da bakinsa ya ce daga RZA ya gani.

Darasi mafi kyau shi ne Duel of the Iron Mic. Fiyanon daga waƙar David Porter ta Masquerade Is Over yake, marubucin Stax abokin aikin Isaac Hayes. Waƙar nan dai ita aka yanka aka yi Who Shot Ya na Biggie, wato Notorious B.I.G. Nura, jera su ukun ka saurara a zama ɗaya. Tushe guda, amma wurin da kowa ya sa wuƙarsa daban, abin da ya fito daban. Zai koya maka fiye da bidiyon koyarwa goma.

Ɗanlami:
To ga shi duk bayaninku RZA, RZA. Ina aikin mai kundin?

Hadiza:
Ga shi. GZA marubuci ne mai gogewa, ba mai zubawa ba. 'Yan ƙungiyar kansu sun sha faɗa cewa yana daɗewa a kan ɗango ɗaya. Dubi yadda ya gina Labels: ya ɗauki sunayen kamfanonin waƙa, Tommy Boy, Def Jam, Cold Chillin' da sauransu da yawa, ya mayar da kowanne kalma mai aiki a cikin jimla, ta yadda wanda bai san sunayen ba zai ji labari ne kawai, wanda ya sani zai ji zagi biyu a layi ɗaya. Wahalar irin wannan rubutu ita ce kada jimla ta karkace don a cusa suna. Da zarar mai sauraro ya ji an tanƙwara magana don sunan ya shiga, dabarar ta mutu. Ya sake yin irinta da sunayen mujallu a Publicity a 1999, da sunayen shahararrun mutane a Fame, da dabbobi a Animal Planet a 2002, amma ta farkon ta fi zafi don akwai ciwo a bayanta.

Killah Hills 10304 kuma ɗango ɗaya ne dogo, babu amshi. Lambar nan lambar gidan waya ce ta yankin Staten Island inda unguwannin Park Hill da Stapleton suke. Labarin fataucin ƙwaya ne da ya ƙetare ƙasashe, amma bai ba da shi kamar Raekwon ba. Raekwon yana cikin ɗakin, yana sanye da kayan, yana jin daɗin abin. GZA yana tsaye a waje kamar mai rubuta rahoto, yana lissafa wa ya ci amanar wa, kayan ta ina suka bi. A Cold World ma haka, shi ya ɗauki Brooklyn, Inspectah Deck ya ɗauki Staten Island, babu wanda ya yi alfahari, bayani ne na yadda ake mutuwa a banza cikin hunturu. I Gotcha Back nasiha ce ga yaro, ta fara fitowa a kundin fim ɗin Fresh a 1994.

Shi ya sa nake cewa kundinsa ne. Baƙin da suka shigo sun rage murya sun bi yanayinsa. Method Man na Shadowboxin' ba shi ne na Tical ba, a natse yake. Bidiyoyin kundin ma GZA ne ya ba da umarninsu, kuma ces (darar Turawa) ɗin da ke bango wasansa ne, Denys Cowan mai zanen littattafan barkwanci ya zana mayaƙa a kan allon. A 2012 da kamfanin Get On Down ya sake fitar da shi, har da 'ya'yan ces aka sa a akwatin, da faifan kiɗan zalla ba murya. Nura, nemi wannan na kiɗa zallan, a nan za ka ƙirga sautukan da Injiniya ya ce.

Nura:
Anti Hadiza na gode. Muryar yaron da ke magana a farko fa, daga ina take? Ita ce ke fara sa tsigar jiki tashi kafin ma ganga ta shigo.

Usaini:
Daga Shogun Assassin ne, 1980. Ba fim ɗin Sin ba ne irin waɗanda aka yanko a 36 Chambers, na Japan ne. An ɗauki finafinai biyu na farko na jerin Lone Wolf and Cub na 1972, aka haɗe su ɗaya don kasuwar Amurka, aka ɗora Turanci, aka sa ɗan jarumin ya zama mai ba da labari. Uban mai sare kai ne na sarki, aka kashe matarsa, ya shiga duniya da ɗansa a keken tura yara. Zaɓin ya dace: a finafinan kung fu akwai raha da tsalle-tsalle, wannan kuwa babu dariya a cikinsa. Cuban Linx ya ɗauko nasa daga The Killer na John Woo, labarin 'yan bindiga biyu, daidai da Rae da Ghost. Kowane kundi da fim ɗin da aka ɗinka masa.

Ga mai son yin irin haka: magana daga fim tana zuwa da kiɗanta a ƙasa, ba ka iya raba su tsaf. A Liquid Swords ba a yi ƙoƙarin rabawa ba, an bar maganar ta ƙare da kiɗanta sannan ganga ta faɗo. In ka ɗora ta a kan naka kiɗan, muryoyin biyu za su yi faɗa. In dole ne, yanke mata ƙasa da Hz 200, kuma kada ta wuce gaɓa huɗu in a tsakiyar waƙa ce.

Malam Isa:
Ina da abin da ya kamata a faɗa tun da yara suna karantawa. Za ku ji ana ambaton Allah da wasu kalmomi masu kama da na Musulunci a waƙoƙin Wu-Tang, kada a ɗauka Musuluncin da muka sani ne. Aƙidar Five Percent ce, wadda Clarence 13X ya kafa a Harlem a 1964 bayan ya fita daga Nation of Islam. Suna koyar da cewa baƙar fata namiji shi ne abin bauta, shi ya sa suke kiran junansu da wannan suna, kuma suna da lissafinsu na ba lambobi da haruffa ma'ana, 1 ilimi, 2 hikima, 3 fahimta. A wurinmu wannan shirka ce ƙarara. Mai nazarin kiɗa ya yi nazarinsa, amma ya san abin da yake maimaitawa da bakinsa.

Hadiza:
Gaskiya ne Malam, kuma sanin hakan yana buɗe baitoci da yawa. Swordsman gaba ɗayanta a kan wannan take, yana sukar camfi da abin da aka koya masa yana yaro. Wanda bai san aƙidar ba zai ɗauka waƙar takobi ce.

Injiniya Sadiq:
Saura murya, don ko kiɗan ya yi daidai a nan ake zubar da shi. Muryar GZA a bushe take, a gaba, kusan babu amsa-kuwwa. Masu haɗa sauti na yanzu suna ɗora amsa-kuwwa mai tsawo da gyaran murya na kwamfuta, su ninka murya sau uku. Kada ka yi. Ɗauka ɗaya, a tsakiya, ninki a kan kalmomin ƙarshen layi kawai in ana buƙata. Tazarar baki da makirfo kamar tafin hannu ɗaya. Matse murya da kwamfuresa kamar 4 bisa 1, tana cin dB 3 zuwa 6, ya isa. Yanke ƙasa da Hz 80. In ɗakin yana amsawa, rataya bargo mai kauri a bayan mawaƙin, ba a gabansa ba, don makirfon bayan mawaƙin yake kallo.

A ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan RZA a Staten Island aka yi aikin nan, ba a wani babban situdiyo ba. Kuma ɗakin nan ruwa ya taɓa cinye shi. Kaɗe-kaɗe masu yawa da ke kan fulofi suka tafi, ciki har da waɗanda aka tanada don kundin Inspectah Deck, shi ya sa nasa bai fito ba sai 1999, lokacin kasuwar ta riga ta juya. Mutumin da ya yi ɗangon da ya yi a Cold World da Duel of the Iron Mic, da kundinsa ya fito a 1995 da yanzu da shi ake wannan muhawarar. Mai aiki a kwamfuta ya ajiye kwafi biyu, ɗaya ba a ɗakin ba.

Nura:
Tambaya ta ƙarshe. In mutum ya bar faifan Amurka ya yanko daga namu, misali kalangun Shata ko kuntigin Ɗan Maraya, tsarin ɗaya ne? Kuma ya batun haƙƙi?

Usaini:
Tsarin ɗaya ne amma matsalolin daban. Makaɗan nan ba da agogon situdiyo suka yi kiɗa ba, saurin yana hawa yana sauka, don haka gaɓa biyu ba za su zauna a kan gangarka ba. Yanka gajere, bugu ɗaya ko biyu, ka sake jerawa da hannu. Na biyu, da yawa daga kiɗan kalangu a kan ƙirgan uku-uku yake tafiya, in ka tilasta shi cikin huɗu zai yi ɗingishi, sai dai ka sa gangarka ta bi shi. Na uku, abin da ke yawo a waya an kwafo shi daga kaset an matse, ya riga ya rasa samansa. Kada ka ƙara rage masa bit, tsallake wannan matakin gaba ɗaya. Kuntigi ya fi sauƙi don tsirkiya ɗaya ce kuma sau da yawa akwai wurin da yake kaɗawa ba waƙa, amma ba shi da ƙasa, bas sai ka nemo daga wani wuri.

Malam Habu:
Haƙƙi biyu ne a kowace waƙa: na ɗaukar sautin, da na wanda ya ƙirƙiri waƙar. In ka yanko sautin kansa kana buƙatar izini biyu. In ka sake rera karin da bakinka ko ka sake kaɗawa, na biyun kawai. Amshin Cold World misali ne, karin Rocket Love na Stevie Wonder ne aka sake rerawa da wasu kalmomi, ba muryar Stevie aka yanko ba. Tun hukuncin da kotun New York ta yanke wa Biz Markie a 1991 kan waƙar Gilbert O'Sullivan kamfanoni suka daina wasa da wannan, kuma Biz a Cold Chillin' yake, kamfanin da GZA ya baro. A Najeriya haƙƙin mai waƙa yana nan har shekara 70 bayan rasuwarsa. Shata ya rasu 1999, Ɗan Maraya 2015, ka ga da sauran tafiya. Magada za ka nema, a rubuta a takarda, kafin ka ɗora a YouTube ko Audiomack, ba bayan waƙar ta tashi ba.

Ɗanlami:
Har yanzu Cuban Linx ne a gaba a wurina, ya kai na 4 a jerin cinikin kundaye na Billboard, Liquid Swords na 9, kuma sai 2015 cinikin Liquid Swords ya cika kwafi miliyan ɗaya. Amma na janye maganar cewa sunansa kawai aka sa. Injiniya, saurin nan na 85 zuwa 95, da wanne mai koyo zai fara?

Injiniya Sadiq:
Ya fara da 90, lissafin ya fi sauƙi: gaɓa ɗaya daƙiƙa 2.67, biyu 5.33. Amma kada ya ja yankin ya dace da lambar. Ya sa yankin yana maimaita kansa, ya matsa saurin kiɗan sama ko ƙasa har su haɗu, ko da a 88.6 suka haɗu.